Haddar jadawalin sau ga manya: rerawa, dabara, kati ko waya?

Babban mutum da ya dawo aji yakan zo da abu uku da yaro ba shi da su. Ya riga ya san wani ɓangare na jadawalin sau, ko da shi kansa bai san ya sani ba. Yana jin kunyar a gano inda ya gaza. Sannan lokacinsa kaɗan ne, don aiki da iyali sun cinye yini. Duk hanyar da malami zai ɗauka, da waɗannan ukun za a auna ta. Hanyoyin da aka fi bi huɗu ne: rera jadawalin a jere, gina amsa daga abin da aka riga aka sani, katin tambaya da ake bita a rarrabe, da manhajar waya. Ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, kuma wadda aka fi sabawa da ita, wato rerawa, ita ce mafi ƙarancin amfani ga babba.

Kafin a zaɓi komai, a rage aikin

Jadawalin 1 zuwa 10 yana da gida 100, kowane gida tambaya ɗaya ce, kamar 7×8. Ganin wannan yawan kaɗai ya isa ya sare wa mutum gwiwa, alhali ba haka lissafin yake ba. Tunda 3×8 da 8×3 amsarsu ɗaya, ainihin gidajen 55 ne. Kada a faɗi wannan da baki kawai. A ɗiga layi 3 na ɗigo takwas-takwas a takarda, a ƙirga, sannan a juya takardar gefe: ga layi 8 na ɗigo uku-uku, ba a ƙara ko ɗaya ba. Manya da dama ba su taɓa lura da wannan ba, sun ɗauki 3×8 da 8×3 hadda biyu.

A cire layin 1, 2, 5 da 10, waɗanda yawancin manya ke riƙe da su, saura 21. Layin 9 yana da dabararsa, a cire shi, saura 15. Layin 4 ninki ne sau biyu, saura 10. In aka kawar da layin 3, abin da ya rage gida 6 ne: 6×6=36, 6×7=42, 6×8=48, 7×7=49, 7×8=56 da 8×8=64. A zana jadawalin a gaban ɗalibi, a ba shi fensir ya riƙa shafe gidajen da hannunsa har waɗannan shida su rage fari. Minti biyar ne aikin, amma yana sauya yadda mutum ke kallon abin baki ɗaya.

Daga nan sai tantancewa, kuma a yi ta a keɓe, ba a gaban aji ba. A rubuta gidaje 55 ɗin a kati, a cakuɗa, a riƙa nunawa ɗaya bayan ɗaya. Malami ya ƙirga daƙiƙa uku a zuciyarsa, kada ya ɗora agogo a tebur. Katin zai kasu kashi uku: wanda aka amsa nan take, wanda aka amsa daidai amma da jinkiri, da wanda aka kuskure ko aka yi shiru. Abin da malamai suka fi mantawa shi ne rubuta amsar kuskuren kanta, ita kuwa ita ke nuna ciwon. Wanda ya ce 7×8 54 ne ko 48, ya yi hadda amma gidajen sun cuɗe masa, domin 54 ta 6×9 ce, 48 kuma ta 6×8. Wanda ya ce 55 ko 57, ƙirge yake yi a ɓoye, ya zame da ɗaya. Wanda ya ce 3×3 shida ne, ko 7×1 takwas, tarawa yake yi, ma'anar sau ɗin ce ba ta zauna ba. Mutum uku ke nan, maganinsu uku.

Rerawa a jere

Kowa ya san ta: bakwai sau ɗaya bakwai, bakwai sau biyu sha huɗu, har ƙarshe. Ba ta buƙatar kayan aiki, ana yin ta da aji mai yawa, kuma mai jin kunya yana iya fakewa cikin muryoyin jama'a. Sautin ma yana taimakawa, domin amsoshin da aka haddace suna zama a kai ne a matsayin jerin kalmomi.

Illarta ita ce abin da take koyarwa jeri ne. Ka tambayi wanda ya taso da ita 7×8, za ka ga leɓɓansa na motsi, ya koma 7×1 yana tahowa, kamar mai neman gida a layi da sai ya koma bakin titi ya ƙirgo ƙofofi. Zai iso, amma a cikin lissafi irin 78×47 zai manta lambar da ya ajiye kafin ya iso, domin abin da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa a lokaci ɗaya kaɗan ne. Ga kuma wata: farkon layi da ƙarshensa sun fi zama, tsakiya ke zubewa, kuma daidai nan 6, 7 da 8 suke. Sannan faken da ya zama alheri ga mai kunya, shi ne ke ɓoye wa malami wanda baki kawai yake motsawa.

Inda ta dace shi ne minti biyu a farkon darasi, a kan layin 2, 5 da 10, ko kuma a kan gida ɗaya tak mai taurin kai: a maimaita "bakwai sau takwas hamsin da shida" sau biyar, a bar shi, a sake tambaya bayan minti goma. Wani abu da ya kamata a kula: a zaɓi harshe ɗaya na haddar a tsaya a kansa. A binciken da Stanislas Dehaene da Elizabeth Spelke da abokan aikinsu suka wallafa a 1999, an koya wa masu jin Rashanci da Turanci wasu amsoshin tarawa da harshe ɗaya, da aka tambaye su da ɗayan sai suka fi jinkiri. Ɗalibin da ya soma jadawalinsa da wani harshe tun yana yaro, a bar shi ya ƙarasa da shi.

Gina amsa daga abin da aka sani

A nan manya suka fi yara, don suna da hankalin bin dalili, kuma suna jin daɗin a nuna musu cewa abin ba sihiri ba ne. Ga ginshiƙan. Sau 4: a ninka, a sake ninkawa, 7 ta zama 14, ta zama 28. Sau 8: ninki uku, 7, 14, 28, 56. Sau 3: a ninka a ƙara lambar sau ɗaya, 8×3 shi ne 16 da 8. Sau 6: sau 5 a ƙara ɗaya, 6×7 shi ne 35 da 7. Sau 9: sau 10 a ɗebe ɗaya, 9×7 shi ne 70 ban da 7. Sau 7: sau 5 da sau 2, 7×8 shi ne 40 da 16. Sau 12, ga mai buƙatarsa: sau 10 da sau 2.

Akwai kuma ƙananan alamu. A layin 9, lambobin amsar suna haɗuwa su ba da 9, kuma ta farko ita ce lambar da aka ninka ban da ɗaya: 9×7, shida da uku, 63. In aka ninka 6 da 2, 4, 6 ko 8, amsar tana ƙarewa da lambar, ta farko kuma rabinta ce: 12, 24, 36, 48. Lambobi biyu da ke da lamba ɗaya a tsakaninsu suna ba da murabba'in ta tsakiyar, wato ita sau kanta, ban da ɗaya: 6×8 shi ne 49 ban da 1, 7×9 shi ne 64 ban da 1. Shi kuwa 7×8, a rubuta shi 56=7×8 sai ga 5, 6, 7, 8 a jere.

Ga yadda take gudana da dattijon da ya tsaya a 6×8.

"Baba, biyar sau takwas fa?"

"Arba'in."

"To, kun tara takwas sau biyar ke nan. Saura nawa su cika shida?"

"Saura ɗaya. Arba'in da takwas, Malam."

Ba a gaya masa amsa ba, shi ya fito da ita, kuma ya samu hanyar komawa duk ranar da ta ɓace masa. Wannan ne babban amfanin dabara: mantuwa ba ta barin mutum hannu rabbana.

Tana da wuraren tuntuɓe guda uku. Na farko, ta dogara da tarawa da ɗebewa a ka. Wanda 35 da 7 ke sa shi ƙirgen yatsu, ko ninka 28 ke ba shi wuya, dabarar za ta ƙara masa nauyi ne. Irin wannan a fara masa da mako ɗaya na ninki, daga 6 zuwa 50, kafin komai. Na biyu, kuskuren "ƙara ɗaya": ka ce 6×7 sau biyar ne a ƙara ɗaya, sai ya ce 36, ya ƙara lamba 1 maimakon 7 guda. Maganin shi ne a zana layukan ɗigo, ya ga cewa layi guda cur ake ƙarawa. Na uku, yawan dabaru. Malami mai zumuɗi yakan zuba hanya uku ga gida ɗaya, ɗalibi ya tashi da ruɗani. Gida ɗaya, hanya ɗaya, kuma wadda shi ɗalibin ya zaɓa.

Dabarun yatsu na cikin wannan rukuni, amma a yi hattara da su. Na 9 mai sauƙi ne: a 9×7 a buɗe yatsu goma, a lanƙwasa na bakwai, shida a hagu uku a dama, 63. Na 6 zuwa 10 ya fi wuya: a 7×8 a ɗaga yatsu 2 a hannu ɗaya, 3 a ɗayan, wato abin da kowace lamba ta ɗara 5 da shi, waɗanda aka ɗaga gomomi ne, 50, waɗanda aka lanƙwasa a ninka su, 3×2 shida, a haɗa da 50 a samu 56. Yana aiki, sai dai a 6×6 da 6×7 lanƙwasassun kan ba da 16 da 12, nan ake ruɗewa. Ban da haka, babba da yawa ba ya son a gan shi yana wasa da yatsu a wurin aiki, kuma amsar da aka samu ta yatsu ba ta cika komawa ka ba, don hankali na kan hannu ne. Sau 10 a ɗebe ɗaya ya fi lanƙwasa yatsa, domin yana aiki har a 9×24.

Iyakar dabara ita ce ba ta kawo sauri da kanta. Mutum na iya shekara yana cewa "arba'in da sha shida" kafin ya ce 56. Wannan aikin na kati ne.

Katin tambaya da bita a rarrabe

In za a ɗauki hanya ɗaya tilo, wannan ce. Dalilinta biyu ne, kuma dukansu tsofaffi ne a ilimin ƙwaƙwalwa. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mafi yawan mantuwa na faruwa ne jim kaɗan bayan koyo, kuma bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka cusa a zama ɗaya. A 2006 kuma Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka nuna cewa ɗaliban da aka sa su tuno abin da suka karanta sun fi riƙe shi bayan mako guda a kan waɗanda suka sake karantawa kawai. Ma'ana, kallon jadawali a bango ba hadda ba ce. Ƙoƙarin zaƙulo amsa daga ka shi ne haddar.

Yin katin yana da ƙa'ida. Takarda mai kauri, kamar santimita 8 da 12, lambobi manya don idon babba ba na yaro ba ne. Tambaya a gaba da alƙalami mai kauri, amsa a baya da fensir, in ba haka ba tawada za ta nuno ta gaba, mutum ya riƙa karantawa yana zaton ya haddace. A yanke kusurwa ɗaya ta kowane kati don a san samansa, domin 6×8 in ya kife 8×9 ake gani. A ƙasan amsar a rubuta dabarar da ɗalibi ya zaɓa da ƙananan haruffa.

Tsarin bitar da ya fi sauƙi shi ne na akwatuna, wanda Sebastian Leitner ya yaɗa a Jamus a 1972. Ambulan uku sun isa. Ta farko kullum, ta biyu bayan kwana uku-uku, ta uku sau ɗaya a mako. Katin da aka amsa daidai cikin daƙiƙa uku ya matsa gaba. Wanda aka kuskure ya dawo ta farko, ko daga ina ya fito. Minti goma a rana, kuma biyar da safe biyar da dare sun fi goma a haɗe. Awa guda ranar hutu ba ta maye gurbin wannan.

Shigar da sabon gida kuwa, a nan ake ɓata abin. Sababbi biyu a rana, uku in ya yi yawa. A ɗauki sabon kati ɗaya da sanannu takwas ko tara. A nuna sabon, a faɗi amsarsa, ɗalibi ya maimaita. Sai sabon da sananne ɗaya. Sabon da sanannu biyu. Sabon da uku, haka har su ƙare. Tazarar da ke tsakanin fitowarsa tana ƙaruwa a hankali, kuma mafi yawan amsoshin ɗalibi daidai ne, abin da ke riƙe wanda ya saba jin cewa shi ba ya iya lissafi. Kada a haɗa masu kama da juna a rana ɗaya: 7×8 da 6×9, 7×9 da 8×8, 6×8 da 7×7. Amsoshinsu maƙwabta ne, 56 da 54, 63 da 64, 48 da 49, koyar da su tare shi ne shuka cuɗanyar da ake son magancewa. Sai kowanne ya zauna da gindinsa, sannan a gwama su da gangan.

In an kuskure, kada a bar mutum yana ta canka, don kowace amsar ƙarya da ya furta tana barin sawu. A faɗa masa daidai, ya faɗi jimlar gaba ɗaya, a mayar da katin bayan guda biyu ko uku. A riƙa cakuɗa katin kowane zama, a kuma riƙa juya tambayar, yau 7×8 gobe 8×7. Mai gida 21 a gabansa, a sababbi biyu kullum, zai gama shigar da su cikin kwana 11, amma a tsara mako shida, don zaman amsar ya fi shigarta ɗaukar lokaci.

Raunin kati shi ne yana buƙatar naci a gida, kuma mai yi shi kaɗai yakan juya katin kafin ya amsa, ya ce ai na sani. Doka ɗaya ke hana wannan: a furta amsar ko a rubuta ta kafin a juya. Haka kuma kati ba ya koyar da ma'ana. Mai cewa 3×3 shida ne, ba a fara masa da kati.

Waya da gwajin sauri

Manhaja irin Anki tana yin aikin ambulan ɗin da kanta, ta tsara ranar da kowane kati zai dawo, kuma mutum na yi a ɓoye ba wanda ya gani. Ga wanda ya saba da waya, wannan ya wadatar. Sai dai manhajojin jadawali da yawa an yi su ne don yara, da zane-zane da tafi, abin da kan sa babba ya ji an raina shi. Mafi muni su ne masu ba da zaɓin amsa huɗu, don gane amsa a cikin jeri daban yake da tuno ta. Mutum zai ci wasan ya kasa a takarda. A nemi wadda ake rubuta amsa da hannu, wadda za a iya zaɓar gidajen da ake so, a kuma kashe agogonta.

Gwajin sauri kuwa awo ne, ba koyarwa ba. A Ingila, tun 2022 ana yi wa 'yan aji huɗu na firamare gwajin tambaya 25, daƙiƙa 6 kowacce, har zuwa 12×12, amma bayan shekaru ana koya musu ne. Ga babban da ke tsoron lissafi, agogo na cinye hankalin da zai yi aikin da shi, sai ya kasa abin da ya sani. A jinkirta shi sai ambulan ta uku ta cika, sannan minti ɗaya sau ɗaya a mako, mutum ya yi tsere da makinsa na makon jiya, ba a kafe sakamako a allo ba. Batun 12 ɗin ma a duba: yana ɗaga gidajen daga 55 zuwa 78, kuma sai mai aiki da inci da ƙafa ko dozin, ko mai jarrabawar da ta nema, yake buƙatarsa.

To, wa za a ba wace?

Mai haɗa sau da tarawa: ɗigo da zane na mako ɗaya ko biyu, sannan dabara, kati daga baya. Mai ƙirge a ɓoye: dabara tukuna, don ta gajarta masa hanya, kati ya biyo a mako na biyu. Mai cuɗanya: kati kai tsaye, masu kama a raba su, dabara ta zama abin tabbatarwa kawai. A nuna masa kuma yadda zai kama kansa: duk abin da aka ninka da 2, 4, 6 ko 8, amsarsa na rabuwa biyu daidai, saboda haka 7×8 ba zai taɓa zama 49 ko 63 ba. Wanda ya sani amma yana jinkiri: kati ko waya, minti biyar a rana, ba wani ƙari. A aji mai yawa, a zaunar da su biyu-biyu, kowa da ambulan ɗinsa, ɗaya na nunawa ɗaya na amsawa, a kuma bar su su zaɓi abokin zama da kansu, don akwai wanda ba zai yarda ya yi kuskure a gaban ƙaninsa ba.

Ana cikin haka, kada a tsayar da sauran darasi ana jiran hadda ta kammala. A ba kowa ƙaramin jadawali ya ajiye a gefe lokacin da ake rabawa ko kaso, a riƙa shafe gidajen da suka kai ambulan ta uku, har takardar ta daina amfani. Akwai kuma mutanen da ke da matsalar lambobi ta asali, wadda ake kira diskalkuliya: in an yi mako shida ana bita kullum, gidaje biyar ba su zauna ba, kuma ƙananan tarawa ma na ɓacewa, a bar masa jadawalin da kalkuleta a matsayin kayan aiki, a mayar da ƙarfi kan ma'ana da ƙiyasi.

Duk katin da ya yi mako biyu a ambulan ta uku ba tare da kuskure ba, a yi masa ɗan'uwa na juyi: a gaba a rubuta 7×?=56, a baya 8. Wannan ne rabawa ke nema, da rage kaso kamar 42 bisa 56 zuwa 3 bisa 4, kuma wanda ya iya ta gaba ba lalle ya iya ta baya ba sai an gwada shi. Sababbin katin su shiga ambulan ta farko, biyu a rana, kamar yadda aka yi da na farko.